Joseph Smith da Asalin Addinin Mormon

A ƙarshen watan Maris na 1830, a wani ƙaramin gari mai suna Palmyra cikin jihar New York ta Amurka, wata maɗaba'a ta fitar da littafi mai shafi kusan 600. Wanda ya kawo shi saurayi ne ɗan shekara 24, ɗan manomi, wanda karatunsa na makaranta bai taka kara ya karya ba. Abin da ya faɗa wa jama'a shi ne, ya fassaro littafin ne daga wasu tsofaffin alluna na zinariya, waɗanda aka rubuta da harshen da babu masanin da ya san shi. Sunan saurayin Joseph Smith, littafin kuwa shi ne Littafin Mormon. Shekaru 14 bayan haka aka harbe shi a gidan kaso, amma addinin da ya kafa yana da mabiya fiye da miliyan 17 a yau. Mabiyansa suna ɗaukarsa a matsayin annabi, masu suka kuwa tun yana raye suke kiransa mayaudari, kuma yawancin gardamar tana komawa ne ga abin da shi da kansa ya kira fassara.

An haife shi ranar 23 ga Disamba 1805 a ƙauyen Sharon na jihar Vermont. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Joseph, da mahaifiyarsa Lucy Mack, manoma ne da bashi ya raba su da gonarsu, suka koma aron ta wasu. Yana da shekara 7 zazzaɓin taifot ya kama shi, ciwon ya shiga ƙashin ƙafarsa ta hagu, likitoci suka yanke ɓangaren da ya ruɓe ba tare da maganin kashe zafi ba. Ya yi shekaru yana dogara sanda. A 1816 sanyi ya kashe amfanin gona a yankin, sakamakon tokar da dutsen Tambora na Indunusiya ya watsa cikin sararin samaniya a shekarar da ta gabata. Wannan ne ya kori iyalin zuwa Palmyra.

Sun iske yammacin jihar New York cikin zazzafan farfaɗowar addini. Masu wa'azin ɗariƙun Kirista, ƴan Metodis da ƴan Baftis da ƴan Firesbiteriya, suna ta gasar jan mutane, kowa na cewa tasa hanyar ce daidai. Rabuwar ta shiga har cikin gidansu: uwar da wasu ƴaƴanta suka bi ƴan Firesbiteriya, uban ya ƙi shiga kowace majami'a. Bisa ga labarin da Joseph ya bayar daga baya, a 1820 ya shiga kurmi kusa da gida don ya roƙi Allah ya nuna masa wadda zai bi, sai ya ga wahayi, aka ce masa kada ya shiga ko ɗaya. Bai rubuta wannan labari ba sai a 1832, inda ya ambaci ganin Yesu. A rubutun 1838, wanda shi ne mabiyansa suka riƙe, ya ce mutum biyu ya gani, Uba da Ɗa. Masu suka suna kafa hujja da wannan bambanci, mabiya kuwa suna cewa labari ɗaya ne aka ba masu sauraro daban-daban.

A wancan zamani talakawan karkara da yawa sun yi imani akwai dukiya binne a ƙarƙashin ƙasa, wadda mai baiwa zai iya hangowa cikin dutse. Joseph ya yi suna da wannan sana'a. A 1825 wani manomi, Josiah Stowell, ya ɗauke shi neman azurfa, kuma a 1826 aka gurfanar da shi gaban alƙali a Bainbridge saboda duban dutse. A wannan tafiya ce ya haɗu da Emma Hale. Mahaifinta ya ƙi yarda da shi, sai suka gudu aka ɗaura musu aure ranar 18 ga Janairu 1827.

Ya ce tun daren 21 ga Satumba 1823 wani mala'ika mai suna Moroni ya bayyana gare shi, ya nuna masa inda allunan suke a wani tudu kusa da gonarsu, amma ba a bar shi ya ɗauka ba sai ranar 22 ga Satumba 1827. Rubutun da ke kansu, in ji littafin, wani nau'in rubutun Masar ne da aka yi wa kwaskwarima. Wani manomi mai hali, Martin Harris, ya so ya tabbatar kafin ya zuba kuɗinsa, sai a watan Fabrairu 1828 ya kai wasu haruffa da aka kwafo wurin Charles Anthon, malamin Girkanci da Latin a kwalejin Columbia. Harris ya dawo yana cewa malamin ya tabbatar da su. Anthon kuwa ya rubuta daga baya cewa gargaɗi ya yi masa kada a damfare shi. Harris dai ya zama magatakarda, ya rubuta shafi 116, ya tafi da su gida don ya nuna wa matarsa, suka ɓace har yau. A cikin kwanakin ne ɗan farin Joseph da Emma ya rasu ranar da aka haife shi.

Aikin bai kankama ba sai da wani malamin makaranta, Oliver Cowdery, ya zo a watan Afrilu 1829. Waɗanda suka shaida zaman sun ce Joseph yakan sa dutsensa cikin hula, ya kifa fuskarsa a ciki don ya tare haske, yana faɗa ana rubutawa. Kafin ƙarshen Yuni an gama. Rubutun hannun kusan ba shi da aya ko waƙafi, mai jera haruffa a maɗaba'ar, John Gilbert, shi ne ya sa su. Mutum 3 suka sa hannu cewa mala'ika ya nuna musu allunan, wasu 8 kuma suka ce sun taɓa su. Dukan ukun farko sun ɓata da Joseph daga baya, amma babu wanda ya janye shaidarsa. Allunan kuwa ya ce ya mayar wa mala'ikan. Harris ya jinginar da gonarsa aka buga kwafi 5000 a kan dalar Amurka 3000.

Littafin yana ba da tarihin wani iyali na Bani Isra'ila da suka bar Ƙudus wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ƙetare teku zuwa nahiyar Amurka, zuriyarsu ta rabu gida biyu masu gaba da juna. Ya ce Yesu ya ziyarce su bayan tashinsa, daga bisani ɓangare ɗaya ya shafe ɗayan. Mormon shi ne sunan wanda aka ce ya taƙaita tarihin, Moroni kuwa ɗansa ne da ya binne allunan. Turancin littafin ya bi salon fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, har da surori da yawa na Ishaya kusan kalma da kalma. Masu binciken kufai da masana harsuna da ba mabiya ba, ba su sami alamar Ibrananci ko rubutun Masar a tsohuwar Amurka ba.

Ranar 6 ga Afrilu 1830 aka kafa majami'ar. Saƙonta shi ne, ikon manzannin Yesu ya ɓace daga duniya, yanzu an maido shi, kuma ƙofar wahayi a buɗe take. A 1831 Joseph ya koma Kirtland ta jihar Ohio, inda wani shahararren mai wa'azi, Sidney Rigdon, ya karɓi addinin tare da jama'arsa. Ya kuma ayyana yankin Jackson na jihar Missouri a matsayin Sihiyona, inda muminai za su taru. Duk inda suka sauka sai rikici ya biyo. A Maris 1832 wasu mutane suka fizgo shi daga ɗaki da dare, suka shafe shi da kwalta da gashin tsuntsu. A Missouri maƙwabta sun ji tsoron baƙin da ke jefa ƙuri'a wuri ɗaya, suna cewa Allah ya ba su ƙasar, ana kuma zarginsu da ƙin bauta a jihar da ake riƙe bayi. A 1833 aka kore su daga Jackson.

Shekarun Ohio sun nuna irin ƙishinsa ga harsuna. Daga 1830 zuwa 1833 ya yi ta gyara Baibul na Turanci, yana ƙara ayoyi yana sauya wasu, ba tare da duba Ibrananci ko Girkanci ba, kuma wannan ma fassara ya kira shi. A farkon 1836 ya zauna gaban wani malami, Joshua Seixas, yana koyon nahawun Ibrananci kamar kowane ɗalibi. Kafin nan, a Yuli 1835, shi da abokansa sun sayi busassun gawarwaki 4 na tsohuwar Masar da naɗaɗɗun takardun fafirus a kan dalar Amurka 2400. Ya ce rubutun Annabi Ibrahim ne, ya fitar da Littafin Ibrahim a 1842. A lokacin, aikin Bafaranshe Champollion, wanda ya warware rubutun zane na Masar a 1822, bai yaɗu a Amurka ba. A 1860 aka buga nazarin Théodule Devéria na gidan tarihin Louvre a kan zanukan littafin, inda ya nuna na jana'iza ne. A 1967 gidan tarihin Metropolitan na New York ya miƙa wa majami'ar wasu guntayen takardun, masana suka karanta su, suka tarar addu'o'in rakiyar mamaci ne, da aka rubuta ƙarnoni masu yawa bayan zamanin Ibrahim. Majami'ar ta amince haruffan ba su dace da nassin ba. Wasu mabiya suna cewa ɓangaren da ya ɓace ne ke ɗauke da asalin, wasu kuma suna cewa takardun sanadin wahayi ne kawai.

An buɗe haikalin Kirtland a Maris 1836, amma bankin da ya kafa ya karye a 1837, mutane suka yi hasara, manyan abokansa suka juya masa baya. A Janairu 1838 ya gudu zuwa Missouri, inda faɗa ya ɓarke, ɓangarorin biyu suna ƙona gidajen juna. Ranar 27 ga Oktoba gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarnin a kori ƴan Mormon ko a ƙare da su, kwana 3 bayan haka aka kashe mutum 17 a Haun's Mill. An yanke wa Joseph hukuncin harbi, amma hafsan da aka ba aikin, Alexander Doniphan, ya ƙi. Ya yi hunturu a gidan kason Liberty, ya kuɓuta a Afrilu 1839.

A gaɓar kogin Misisipi, cikin jihar Illinois, suka sayi fadama mai sauro suka gina birni. Ya raɗa masa suna Nauvoo, daga kalmar Ibrananci mai nufin kyau. Dubban sababbin mabiya suka zo daga Ingila, har birnin ya kai wajen mutum 12000, yana gogayya da Shikago ta lokacin. Joseph ya haɗa shugabancin addini da muƙamin magajin gari da na babban hafsan rundunar birnin. A nan ya koyar da yi wa matattu baftisma, da auren da ba ya ƙarewa da mutuwa. A ɓoye kuma ya fara auren mata da yawa, abin da dokar jihar ta haramta. Majami'ar da kanta ta amince cewa matan sun kai 30 zuwa 40, wasunsu da mazajensu, mafi ƙanƙanta kuma tana da shekara 14. Emma ta yi fama da wannan al'amari matuƙa, shi kuwa yana musanta shi a bainar jama'a.

A Janairu 1844 ya tsaya takarar shugabancin Amurka, yana ba da shawarar a fanshi bayi da kuɗin sayar da filayen gwamnati. Ajalinsa kuwa daga cikin gida ya taso. William Law, wanda dā mataimakinsa ne, ya haɗu da wasu suka fitar da jarida mai suna Nauvoo Expositor ranar 7 ga Yuni, suka tona asirin auren, suka kuma soki tattara iko a hannun mutum ɗaya. Ranar 10 ga wata majalisar birnin ta yanke a farfasa injin buga jaridar, Joseph ya ba da umarni aka aikata. Yankin ya ɗau wuta. Gwamna Thomas Ford ya yi masa alkawarin kariya, sai ya miƙa kansa a Carthage, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. Da yammacin 27 ga Yuni 1844 wani gungun mutane da suka shafe fuskokinsu da baƙi suka afka wa gidan kason. Suka fara kashe wansa Hyrum. Joseph ya harba ƙaramar bindigar da aka shigo masa da ita a ɓoye, ya nufi taga, harsasai suka same shi ya faɗo ƙasa. Yana da shekara 38. An gurfanar da mutum 5 a 1845, aka sallame su duka.

Waɗanda suka kashe shi sun zaci da yanke kai maciji ya mutu. Mafi yawan mabiya suka bi Brigham Young, suka ƙetare Misisipi a 1846, suka isa kwarin Salt Lake a Yuli 1847, inda jihar Utah take a yau. Emma ta tsaya a Nauvoo, kuma a 1860 ɗanta Joseph na uku ya shugabanci wani reshe da ya ƙi auren mata da yawa. Babbar majami'ar ta sanar da daina shi a 1890. A zamanin Joseph an naɗa baƙar fata irin su Elijah Abel a muƙamin limanci, amma a zamanin Young aka hana, hanin bai kau ba sai 1978. A shekarar ce masu wa'azinsu suka iso Najeriya da Gana, inda aka buɗe haikali a Accra a 2004 da Aba a 2005.

Littafin da aka ce fassara ne shi ma ya shiga hannun masu fassara: harshen Danmak a 1851, Faransanci a 1852, yau kuma harsuna fiye da 100, dukansu daga Turancin 1830 da gyare-gyarensa, tun da babu wani asali da za a koma gare shi. Sunan Mormon kansa maƙwabta ne suka laƙaba wa mabiyan don ba'a, suka karɓe shi suka yi amfani da shi shekara da shekaru. A 2018 shugabansu Russell Nelson ya nemi a daina kiransu da shi, a koma ga cikakken sunan da Joseph ya ba su a 1838, wato Majami'ar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe.