Malam Aminu Kano: Malamin Da Ya Hana Talaka Durƙuso

 

Duk wanda ya fito daga Unguwar Gano ya ratsa Gyadi-Gyadi ya hau hanyar Zariya, ba zai rasa ganin babban asibitin koyarwa wanda aka kafa cikin 1988 aka sa masa sunan Malam Aminu Kano ba. Yaran yanzu sun san sunan a jikin allo, a nan da kuma filin jirgin sama, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mai sunan ɗan gidan malamai ne, kuma daga cikin littattafan addini ya zaro makamin da ya yaƙi wulaƙanta ɗan Adam.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, a zuriyar Genawa, waɗanda aka sani da ilmin shari'a. Mahaifinsa Malam Yusufu ya yi aikin mufti a kotun alƙali, mahaifiyarsa Rakiya kuwa ita ta fara ɗora shi a kan karatun Alƙur'ani. Daga nan ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan Kwalejin Kaduna. Da ya gama aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci, inda Allah ya haɗa shi da Malam Sa'adu Zungur, haɗuwar da ta kaifafa tunaninsa ƙwarai. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmin koyarwa, ya komo, daga baya aka mai da shi makarantar horon malamai ta Maru. Can ya ajiye aikin gwamnati a ƙarshen 1950.

Wajibi ne mai karatu ya san irin ƙasar da ya ajiye aikin dominta. A wancan zamani Kano a rarrabe take: Turawa na Nasarawa, da kulob ɗinsu da asibitinsu, 'yan Kudu an keɓe su a Sabon Gari, 'yan ƙasa na cikin ganuwa. Wannan wariya ta launi da asali ce, kowa na ganinta da ido. To, amma akwai wata wadda ta fi ta cin rai, domin tsakanin Musulmi da ɗan'uwansa Musulmi take. Talaka ba ya wuce hakimi da takalmi a ƙafa, ba ya magana da shi sai a durƙushe. Ga haraji da jangali, ga aikin tilas a gandun sarauta, ga kuma kotu da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e. Wanda ya zalunce ka, sau da yawa gabansa za ka kai ƙara.

Ranar 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari suka kafa Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, a Kano, kuma a 1953 Malam Aminu ya zama shugabanta. Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan siyasar zamaninsa shi ne inda yake ɗauko hujja. Abokan hamayya sun yi ta yayata cewa mai ja da sarauta ya ja da addini. Shi kuwa sai ya koma ga magabatan da sarakunan kansu ke tinƙaho da su. Ya riƙa tuna wa jama'a cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lasafta jangali da karɓar dukiyar mutane ba bisa shari'a ba cikin al'adun da ya yi jihadi don kawar da su, kuma a nan Kano ne Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami don nuna wa masu mulki iyakokinsu. Ya karantar cewa sujada da ruku'u na Allah ne Shi kaɗai, kuma fifiko tsakanin mutane da taƙawa yake, ba da launi ko gidan haihuwa ba, kamar yadda Suratul Hujurati da huɗubar ban kwana suka tabbatar. Manomin da bai taɓa jin kalmar dimokuraɗiyya ba ya gane wannan nan take, domin harshen da aka rene shi da shi ne.

Abin lura, a daidai waɗannan shekaru ne irin wannan gwagwarmaya ta tashi a Amurka. Ranar 1 ga Disamba 1955, a garin Montgomery na jihar Alabama, wata baƙar fata mai aikin ɗinki, Rosa Parks, ta ƙi tashi ta bai wa Bature kujerarta a cikin bas, aka kama ta. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocin har kwana 381, suna zuwa aiki a ƙasa, sai da Kotun Ƙoli ta rushe dokar wariyar a ƙarshen 1956. Jagoransu, Martin Luther King, ya koyi tafarkin ƙin bin zalunci ba tare da ɗaukar makami ba daga Gandi na Indiya, kuma tafarkin Gandin nan ya burge Malam Aminu matuƙa. Can mace ta ƙi miƙewa daga kujera. Nan kuwa talaka ya ƙi durƙusawa, ya ƙi tuɓe takalmi. Ƙaramin abu ne a ido, amma masu iko a ƙasashen biyu sun fahimci abin da ke bayansa sarai, shi ya sa ba su ɗauke shi da wasa ba.

'Yan Sawaba sun ɗanɗana kuɗarsu. An yi musu bulala, an ɗaure su a kan laifin taro ba izini ko zagin sarauta, an kori waɗansu daga garuruwansu, 'yan banga sun far musu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda neman 'yancin mata, al'amarin da Malam ya tsaya a kansa tun ba a son ji, yana kafa hujja da Nana Asma'u 'yar Shehu. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976.

Ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya rasa kujerar a 1964. Zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya, daga 1967 zuwa 1974, kuma cikin waɗannan shekaru ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, abin da ya daɗe yana kira a yi. A 1978 ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta kama Kano da Kaduna, kuma gwamnoninta, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Sai dai ba a jima ba gidan ya dare gida biyu, santsi da taɓo, shi da almajiran nasa suka ɓata. Wannan rabuwa ta rage masa ƙarfi a ƙarshen rayuwarsa, kuma masu adalci daga ɓangarorin biyu sun yarda cewa talaka ne ya yi hasara.

Duk da hidimar siyasa bai saki karantarwa ba. Tafsirinsa na watan Azumi ya shahara, mutane na cika ƙofar gidansa na Gwammaja don saurare. Ya zauna cikin talakawa da fararen tufafinsa da jar hularsa, ƙofarsa a buɗe, bai tara dukiya ba ko da yake ya yi shekara bakwai yana kwamishinan tarayya.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Lahadi 17 ga Afrilu 1983, yana da shekara 62, ana shirin zaɓen wannan shekara. An binne shi a gidan nasa, wanda ake kira Mambayya, Jami'ar Bayero kuma ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.