Tarihin Eliot Elisofon, Mai Ɗaukar Hoto Ɗan New York Da Ya Je Katsina

An haifi Eliot Elisofon a ranar 17 ga watan Afrilu, 1911, a unguwar talakawa ta Lower East Side cikin birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani daga gabashin Turai. Ya gama Jami'ar Fordham a 1933, daga nan ya kama sana'ar ɗaukar hoto, yana yawo a titunan birnin yana ɗaukar halin da marasa galihu ke ciki.

A 1942 mujallar Life ta ɗauke shi aiki, ta tura shi fagen yaƙi a arewacin Afirka. Tun daga lokacin Afirka ta shiga ransa. A 1959 ya zo Najeriya ana shirin samun 'yancin kai, ya hau har Arewa, inda ya ɗauki hotunan Sarkin Katsina Usman Nagogo a fadarsa.

A zamaninsa tafiya da kyamara ba wasa ba ce. Ƙaramin fim hoto 36 kawai yake ɗauka, zafi yana ɓata launinsa, ƙura tana shiga cikin kyamara, kuma mutum ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. Saboda haka dole ya yi lissafin kayansa tun daga gida. Elisofon ya yi suna wajen sarrafa launi ta hanyar ɗora gilasai masu launi a idon kyamara, har masu shirya fim ɗin Moulin Rouge na 1952 suka nemi shawararsa.

Ya rasu a New York ranar 7 ga Afrilu, 1973. Ya bar wa gidan adana fasahar Afirka da ke Washington dubban hotunansa, kuma yau ana iya ganin da yawansu a shafin intanet na Smithsonian, tare da sunan gari da shekara.

Wannan bayani shi ya sa hotunan suka zama tarihi. 'Yan'uwa, idan za mu je gida da yara, tsadar kyamara ba ita ce magana ba. A riƙe ƙarin batir saboda matsalar wuta, a kare na'ura daga ƙurar hunturu, a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi. Sannan a rubuta sunan kowane tsoho da ke cikin hoto, tun masu sanin su suna raye.