Jean-Henri Fabre: Malamin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon ƙwari

An haifi Jean-Henri Fabre a 1823 a ƙauyen Saint-Léons da ke kudancin Faransa, a gidan talakawa. Malamin makaranta ne, har zuwa 1870 da aka yi masa caa a birnin Avignon saboda ya koya wa 'yan mata yadda furanni ke hayayyafa. Ya rasa aikin, aka kore shi daga gidan haya. Rancen da abokinsa ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya ba shi ne ya rufa masa asiri.

A 1879 ya sayi wani fili mai duwatsu da ƙaya a Sérignan. Masanan zamaninsa sun fi son tsire matattun ƙwari da allura, shi kuwa rayayyu yake yini yana kallo.

A nan ya sa ido kan ƙoƙi-ƙoƙi, ƙwaron nan mai ɗaga hannuwa kamar mai addu'a. Ya ga macen tana cinye namijin lokacin barbara, har wata ta lamushe bakwai cikin mako biyu. Sai dai a keji ya ga hakan, inda namijin ba shi da wurin tsira.

Littafinsa kan ƙwari ya kai juzu'i 10, ɗansa Paul kuma ya ɗauki hotunan ƙwarin. Ya rasu a 1915.