Phineas Whiting: Masanin da bincikensa ya shafi gonar gero

Manomin gero a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san ɓarnar tsutsar da ke cin zangarniya gab da girbi. Babban makiyin wannan tsutsa wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro mai suna Habrobracon. A kansa Phineas Whiting ya ƙarar da rayuwarsa.

An haifi Whiting a garin Lowell na jihar Massachusetts a Amurka a 1887, ya kuma koyar a Jami'ar Pennsylvania. Shi da matarsa Anna, wadda ita ma masaniya ce, sun shafe shekaru suna kiwon ƙwaron domin gano abin da ke sa a ƙyanƙyashe namiji ko mace.

An riga an san cewa ƙwan da maniyyi bai shiga ba namiji yake zama. A 1943 Whiting ya bayyana cewa mace na samuwa ne idan ƙwayar gadon jinsi ta uwa ta bambanta da ta uba. Idan iri ɗaya ne, kamar yadda ake samu a barbarar dangi, sai a sami namijin da yawanci ke mutuwa ko ya kasa haihuwa.

Whiting ya rasu a 1978. Daga baya masu bincike a Maraɗi suka riƙa kiwon ƙwaron suna sakinsa a gonakin gero. Macen ce kaɗai ke harbin tsutsa ta sa ƙwai a jikinta, don haka mai kiwon da ya bari dangi suka yi ta barbarar juna zai rasa mayaƙansa.