Likita Mila na Zariya (1872–1952): Littafi, Makaranta da Mulki

Duk mai nazarin tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa ba zai tsallake sunan Walter Miller ba, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya zauna a Tarabulus, ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata.

A 1900 ya biyo ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano, amma Sarkin Kano Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Suka dawo ƙasar Zazzau suka sauka a Girku. A 1905 ne Mila ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Burinsa shi ne ya ga an gina sabon mulkin Arewa bisa koyarwar Littafi Mai Tsarki. Wannan buri bai cika ba, domin kuwa Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addinin Musulunci ba, kuma Turawan mulki sun fi bukatar sarakuna a kan 'yan mishan. Mila ya yi ta sukar wannan tsari. Bai ga maciji da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ba, shahararren marubucin waƙoƙin nan, kuma ƙararrakin da ya riƙa kaiwa suna cikin dalilan da suka sa aka tuɓe Sarkin aka kai shi Lakwaja. Wannan tabo ne da Zazzagawa ba su manta ba. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa.

Babban aikinsa shi ne jagorantar fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda aka buga a 1932. Da ita dubban mutane, musamman a kudancin Zazzau da ƙasar Filato, suka koyi karatun boko, har Hausa ta zama harshen ibada ga ƙabilun da ba Hausawa ba.

Abin da ya nema a fada ya rasa, sai ya fito ta makaranta. Ɗalibinsa Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama N.P.C. a 1951. Makarantar Wusasa ce ta yaye Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru, maƙwabciyar Bomo, a cikin waɗannan shekaru.

Mila ya rasu a ƙasar Jos a 1952. Mutanen birni kaɗan ƙwarai suka karɓi addininsa, kuma tushen sarautar Arewa ya ci gaba da zama na Musulunci. Duk da haka, 'yan yaran da ya koya wa karatu da waɗanda suka biyo bayansu sun riƙe manyan muƙamai na ƙasa. Wajibi ne manazarci ya auna shi da ma'auni biyu: rikicin da ya haddasa a Zazzau, da hidimar da ya yi wa harshen Hausa.