James Parkinson (1755–1824): Likitan da Ya Siffanta Cutar Karkarwa

An haifi James Parkinson a ranar 11 ga Afrilu, 1755, a unguwar Shoreditch da ke birnin Landan na ƙasar Ingila. Mahaifinsa likita ne mai haɗa magunguna da yin fiɗa, kuma a wurinsa ya koyi sana'ar. A shekarar 1784 aka ba shi shaidar zama likitan fiɗa, ya gaji mahaifinsa wajen duba marasa lafiya a gidansu na dandalin Hoxton.

Parkinson bai tsaya ga likitanci kaɗai ba. Ya rubuta ƙasidun siyasa da sunan aro na Tsoho Hubert, inda ya nemi a ba talakawa haƙƙin zaɓe. A 1794 hukuma ta yi masa tambayoyi dangane da wata maƙarƙashiya da aka yi zargin an ƙulla don kashe Sarki George na Uku, amma ba a tuhume shi ba. Daga baya ya karkata ga nazarin burbushin halittun da suka daskare a cikin duwatsu, ya wallafa littafi mai juzu'i uku tsakanin 1804 da 1811.

Abin da ya dawwamar da sunansa shi ne ɗan littafin da ya fitar a 1817 game da wata cuta da ya kira shanyewar jiki mai karkarwa. Mutum shida kacal ya kafa hujja da su, uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su, ɗaya daga nesa ya hango shi. Duk da haka, siffantawar da ya yi ta zauna daram. Ya nuna cewa cutar kan faro a hankali da rawar hannu guda, har mai ita ya kasa tuna ranar da ta soma. Sannu a hankali rubutu ya gagara, jiki ya ranƙwafa gaba, tafiya ta koma sassarfa kamar ana ingiza mutum, daga ƙarshe haɗiya da magana su yi wuya.

Inda ganinsa ya gaza shi ne musabbabin cutar. Bai fede gawar ko ɗaya daga cikin mutanen ba, don haka ya yi hasashen cewa lahanin yana saman lakar ƙashin baya, ya kuma yi fatan masana ƙirar jiki su bincika. Har ila yau, ya ɗauka cutar ba ta taɓa hankali, alhali yanzu an san wasu kan yi fama da ruɗewar tunani idan ta daɗe. Ya rasu a ranar 21 ga Disamba, 1824, littafin bai samu karɓuwar da ta dace da shi ba. Sai bayan kimanin rabin ƙarni likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya lura cewa tsohon sunan bai dace ba, domin jikin bai shanye ba, sandarewa da nawa yake yi, kuma ba kowa ke karkarwa ba. Shi ne ya raɗa wa cutar sunan Parkinson.

Amsar da Parkinson ya nema tana cikin wani ɗan baƙin yanki da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda sunansa na Latin ke nufin baƙin abu. A 1919, a Faris, Konstantin Tretiakoff ya nuna cewa wannan yanki kan koɗe a ƙwaƙwalwar masu cutar. Baƙin nasa wani nau'in melanin ne, dangin sinadarin da ke ba fata launinta. Sai dai kada a ɗauka yana da alaƙa da launin fata: Bature da baƙar fata duk suna da shi, hatta zabiya. Ƙwayoyin yankin ne ke samar da dofamin, wato sinadarin da ke isar da saƙon motsi, kuma daga ragowar dofamin ɗin ne baƙin ke taruwa yayin da mutum ke manyanta. Koɗewar yankin, ke nan, shaida ce ta mutuwar ƙwayoyin. A 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna cewa lebodofa, wanda jiki ke mayarwa dofamin, kan dawo da motsi ga dabbobin gwaji, sannan a 1960 Ehringer da Hornykiewicz suka tabbatar da ƙarancin dofamin a ƙwaƙwalwar masu cutar. Daga 1967, bayan aikin George Cotzias a Amurka, lebodofa ya zama babban magani.

Shi kansa melanin ɗin yana da fuska biyu. Yakan kama sinadarin ƙarfe da sauran abubuwa masu guba ya tsare ƙwayar, amma idan ta mutu ya fantsama waje, sai ya haddasa kumburin da ke cutar da maƙwabtanta. Wani bincike na 1988 ya nuna cewa ƙwayoyin da ke ɗauke da wannan baƙi sun fi sauran ƙwayoyin dofamin saurin halaka. Lebodofa kuwa sauƙaƙa alamomin yake yi, ba ya hana ƙwayoyin ci gaba da mutuwa.