Malam Aminu Kano da Sha'anin Samarin da Ake Kai Wa Gaban Alƙali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, da ku fatake da masu rumfuna na kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram, yau labarin Malam Aminu Kano za mu kawo muku, Allah Ya jiƙansa. Filin nan ba zai ɗauki dukan tarihinsa ba, saboda haka fuska ɗaya za mu fi tsayawa a kanta, watau yadda ya yi fama a kan sha'anin saurayin da aka kama aka gurfanar gaban shari'a, ba shi da wanda zai tsaya masa.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga watan Agusta 1920. Daga zuriyar Gyanawa ya fito, Fulanin nan da aka sani da ilmi da alƙalanci a Kano tun da daɗewa. Mahaifinsa Malam Yusufu muhuti ne a majalisar alƙali, saboda haka tun Aminu yana ƙarami kunnensa ya saba da zancen mai ƙara da wanda ake ƙara, da shaida, da rantsuwa. Mahaifiyarsa ta rasu bai yi wayo sosai ba. Ya yi karatun allo, sa'an nan aka sa shi makarantar Shahuci, daga nan ya shiga Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna cikin 1937, ya fita cikin 1942. Masu rubuta tarihinsa sun ce ya so ya koyi aikin lauya. Amma ina amfanin lauya a ƙasar da doka ta hana shi buɗe baki a gaban alƙali? Sai ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. Cikin 1946 aka tura shi Ingila ƙaro ilmi, da ya komo aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru a ƙasar Sakkwato. Can ya ajiye aikin Gwamnati cikin watan Nuwamba 1950, ya komo Kano ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ran 8 ga Agusta na wannan shekara. Cikin 1953 ya zama shugabanta.

To, kafin a gane abin da ya yi, sai a san yadda shari'a take a wancan zamani. Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na ƙasar Kano a lokacin, tun ba a yi zancen Jihar Jigawa ba, wadda sai cikin 1991 aka yanke ta. Kowace gunduma da hakiminta da alƙalinta. Sarki ke naɗa alƙali, En'e ke biyansa albashi. 'Yan doka na En'e ne, gidan yari ma nata ne. Ashe ke nan wanda ya kai ƙara, da wanda ya yi kamu, da wanda ya yi hukunci, da wanda ya tsare fursuna, duk daga baitulmali ɗaya suke ci. In rigimar ta gado ce, ko ta aure, ko ta bashi tsakanin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, wannan bai cika ɓata kome ba, kuma an yi alƙalai masu tsoron Allah waɗanda har yau ake yabon adalcinsu. Amma in wanda ya kawo ƙarar hakimi ne, wanda ake ƙara kuwa ɗan talaka ne mai shekara goma sha bakwai da aka ce ya yi wa manya rashin kunya, to, alƙalin da zai sallame shi sai ya shirya wa rabuwa da rawaninsa.

Har wa yau doka ta hana lauya tsayawa a kotunan En'e, kuma dokar da aka yi cikin 1956 ta sake tabbatar da wannan hani. Lauyoyin ma kansu ƙalilan ne. Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya, Alhaji Abdulrazaƙ na Ilori, sai cikin 1955 ya gama karatunsa a Ingila. Ɗaukaka ƙara kuwa akwai ta a takarda, amma sai an je Kano. Daga Birnin Kudu zuwa birni kimanin mil 80 ne, Gwaram kuwa ta fi haka nisa. Uban yaro zai bar gonarsa, ya nemi kuɗin mota da na masauki da na mai rubuta takarda, kafin a saurare shi ɗansa ya ci rabin wa'adinsa. In bulala aka yanke, an riga an yi ta tun ranar, ba kuwa mai iya zare ta daga bayan wanda aka yi wa.

Da siyasa ta kankama, sai wannan hali ya fi faɗawa kan samari, domin su ne ƙarfin NEPU: teloli, da masu ƙananan tireda, da 'yan kamasho na tasha, da gardawa, da 'yan Rundunar Samarin Sawaba. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, izinin kuwa ba ya samuwa da sauƙi. Laifuffukan da aka fi ɗaure su a kai su ne taro ba izini, da zagin sarakuna, da ta da hankalin jama'a. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa cikin 1933, tana da ƙuruciyarta aka fara ɗaure ta a Kano saboda tara mata, daga baya aka kore ta daga ƙasar Kano. Ita sunanta ya fito. Waɗanda aka ɗaure a ƙauyuka ba wanda ya rubuta sunayensu sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ya bambanta Malam Aminu da waɗansu 'yan boko shi ne bai taɓa cewa Shari'a ce ke da aibi ba. Da littattafan da alƙalan suka karanta yake ja da su, kuma a nan malamai za su fi kowa gane ƙarfin hujjarsa. A mazhabar Imamu Malik ba a zartar da hukunci sai an yi i'izari, watau alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidun da aka kawo, in ya ce yana da ita a ba shi lokaci ya kawo. Mai Tuhufa ya yi babi a kan wannan, kowane muhuti ya san shi. Wakilci a cikin husuma sananne ne a fiƙihu, mutum ya sa wanda ya fi shi iya magana ya tsaya masa. Yaron da bai balaga ba ba a tsayar masa da haddi ko ƙisasi, sai dai ladabtarwa gwargwadon halinsa, in kuwa alamun balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance shi ne a jira ya cika shekara 18. Iƙirarin da aka samu da duka ko tsoratarwa malamai da yawa ba su karɓe shi ba. To, in yaro ya kwana a hannun 'yan doka, da safe aka karanta masa laifi, kafin azahar yana gidan yari, ina i'izarin? Malam Aminu yakan komar da mutane ga rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi, wanda a Kano ɗin nan ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu mulki iyakokinsu. Abin da yake nufi shi ne a raba tsakanin hukuncin Allah da son zuciyar mai sarauta, kada a lulluɓe na biyu da rigar na farko.

Wannan magana ta jawo masa baƙin jini ba kaɗan ba. An kira shi mai raba kan Musulmi, an kira mabiyansa marasa kunya. Shi kuwa ya buɗe makarantar Islamiyya a Sudawa, kuma ya riƙa yin tafsiri da azumi, har ya yi wuya a ce wa jama'a bai san addini ba.

Ban da hujja, akwai aiki na yau da kullum. Gidansa ya zama matattarar iyayen waɗanda aka ɗaure, kowa da takardarsa ko da bakinsa. Ana rubuta koke zuwa ga Razdan da Gwamna, ana buga labarin a jaridun Ikko, ana neman kuɗin beli da na tara. Jam'iyyar ta riƙi lauya, Amanke Okafor, kuma ƙawancen da ta ƙulla da NCNC ta Dokta Azikiwe ya taimaka wajen samun lauyoyin Kudu. Da yake ba su da ikon shiga gaban alƙali, dabarar ita ce a bi shari'ar da ɗaukaka ƙara har ta kai Babbar Kotu, inda lauya ke da bakin magana. Wata a ci nasara, wata a faɗi, mafi yawa kuwa ba sa kaiwa can. Malam Aminu ya halarci tarurrukan tsarin mulki na London cikin 1953 da 1957, bai kuwa bar zancen kotunan En'e a gida ba.

Sannu a hankali abin ya fara motsi, ko da yake ba kukan NEPU kaɗai ya motsa shi ba. Kwamitin Willink, wanda ya zaga ƙasa cikin 1957 da 1958 yana jin tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi, ya ji ƙorafi mai yawa a kan kotunan Arewa, ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta su cikin 1959. Gwamnatin Sardauna ita ma ta kira masana cikin 1958, a ƙarƙashin Sayyid Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da wani joji daga Pakistan da Farfesa Anderson na London da waɗansu manyan Arewa. Daga shawararsu aka yi kundin laifuffuka na Final Kod, wanda ya fara aiki cikin 1960. Tun daga nan ba a ɗaure mutum sai a kan laifin da ke rubuce, da horon da ke rubuce. Wannan ci gaba ne babba. Amma hanin da aka yi wa lauya yana nan, alƙali kuma yana nan a hannun Sarki.

Akwai wata doka ta 1958 da ta shafi yara kai tsaye, Dokar Yara da Matasa ta Jihar Arewa. A cikinta an hana yara shiga harkar siyasa, an kuma sa horo ga babban da ya zuga su. Cikin 1960 aka ƙalubalanci wannan a Babbar Kotu, a shari'ar da lauyoyi ke kira Cheranci da Cheranci, ana cewa ta saɓa wa 'yancin faɗin ra'ayi da na taro. Joji Bate ya ce dokar ta tsaya. A ganinmu hujjar jojin ba ta banza ba ce, domin duk wanda ya ga yadda ake tura yara gaba ranar jifa da sanduna ya san akwai abin tsoro, kuma samarin Sawaba su ma ba duka ne masu haƙuri ba, akwai masu baki da masu hannu a cikinsu kamar yadda ake da 'Yan Mahaukata a ɗaya ɓangaren. Inda gizo ke saƙa shi ne wa ke riƙe da dokar. Muddin ɗan doka da alƙali na gefe ɗaya ne, to, yaran gefe ɗaya za a riƙa gani.

Malam Aminu ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a Kano ta Gabas cikin 1959, ya faɗi cikin 1964. Bayan soja sun karɓi mulki, sai abin da ya shekara goma sha biyar yana kira ya tabbata: tsakanin 1967 da 1968 aka rushe kotunan sarakuna, aka cire alƙalai daga hannun En'e aka sa su ƙarƙashin Babban Joji, sannu a hankali kuma gidajen yari da 'yan doka suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. Shi kansa ya riƙe Kwamishinan Sadarwa na Tarayya daga 1967, sa'an nan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974, a zamanin Janar Gowon.

Saura ƙofa ɗaya, ta lauya. Cikin 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin rubuta sabon tsarin mulki, aka ba Malam Aminu shugabancin ƙaramin kwamitin da ya duba haƙƙoƙin ɗan ƙasa da jam'iyyu da zaɓe. Tsarin mulkin 1979 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi ikon kare kansa da bakinsa ko ta lauyan da ya zaɓa, kuma cikin 1982 wata Babbar Kotu ta yanke cewa tsohon hanin nan ya saɓa wa tsarin mulki. Tun cikin 1976 kuma an kafa hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali a manyan laifuffuka. Dokar haƙƙin yara ta Tarayya, wadda ta ba yaron da ake tuhuma ikon samun lauya, sai cikin 2003 aka yi ta, Jigawa kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara cikin watan Disamba 2021. Waɗannan biyu bai gan su ba.

Ya kafa jam'iyyar PRP cikin 1978, ya nemi shugabancin ƙasa cikin 1979. Hukumar zaɓe ta so ta hana shi tsayawa a kan zancen haraji, sai da kotu ta wanke shi. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, aka soke haraji da jangali a jihohin biyu, mutanen Birnin Kudu da Gwaram suna cikin waɗanda aka sauke wa wannan kaya. Daga baya jam'iyyar ta dare biyu, Santsi da Taɓo, abin da ya dame shi ƙwarai a ƙarshen rayuwarsa.

Ya rasu ran 17 ga watan Afrilu 1983 yana da shekara 62, ana shirin wani zaɓen. An binne shi a cikin gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, Jami'ar Bayero ke kula da shi. An sa sunansa a filin jirgin sama na Kano, da asibitin koyarwa, da kwalejin koyon Shari'a da addinin Musulunci ta Kano. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.